Mai-Kwatance da Ɗan Aiken da Ba Ya Tunawa

Ƙanena ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bakin ƙofar wani babban asibiti, a bayan wani tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya da ake tokarewa da kwali. A takarda an ɗauke shi ne ya riƙa yanka wa marasa lafiya kati. Sai dai asibitin irin ginin nan ne da aka yi ta ƙara masa ɗakuna shekara bayan shekara, har ya zama mai neman ɗakin hoton ƙashi yana iya tsintar kansa a wurin wanki. Allunan da ke bango sun koɗe. Akwai ma wata kibiya da ke nuna ƙofar da aka daɗe da toshewa da bulo. Duk wanda ya shigo sai ya tsaya yana waige-waige, shi kuwa ƙanena ba ya iya ganin mutum yana waige-waige ya ci gaba da zama. Zai ajiye biro ya miƙe.

"Inna, ina za ki? A'a, ba nan ba. Miƙe nan, in kin ji warin magani ki karya dama, za ki ga wani benci mai karyayyen hannu. Ƙofar da ke kallonsa ita ce."

Da haka sunansa na yanka ya ɓace, ya koma Mai-Kwatance. Ko matarsa, in tana jin tsokana, haka take kiransa. Abu ɗaya kawai na lura da shi tun muna yara, wanda ban taɓa faɗa masa ba: shi da kansa bai taɓa tsayar da wani ya tambayi hanya ba. Ya gwammace mu yi ta zagaye a rana.

Da ya yi ritaya, ba a jima ba asibitin ya rikice. Aka ce har wani likita sabon zuwa ya ɓace a ciki. Sai hukuma ta sa aka kafa sababbin alluna, aka ja layuka masu launi a ƙasa. Ya je ya gani, ya dawo ya same ni a ƙofar gida.

"Sun yi kyau, Yaya," ya ce. "Ka bi ja ya kai ka wajen gaggawa, ka bi shuɗi ya kai ka wajen haihuwa. Ba ka buƙatar kowa."

Ranar matarsa ta ce abincinsa ya dawo kicin kusan yadda aka kai shi.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Ya koma yi wa matarsa kwatancen inda gishiri yake a kicin ɗinta. In ya ji babur ya rage gudu a layinmu sai ya leƙo, ko mai neman gida ne. Matar ta gaji, ta kai ƙararsa wajen autarsu, wadda duk muke kira Auta.

Auta ta yi karatun kwamfuta, kuma a lokacin ta samu aiki a wani ƙaramin ofis. Wata rana da yamma muna zaune a tsakar gidansu na tambaye ta me take yi a can. Na yi tambayar ne don ladabi, ban san zan ɗauko wa kaina ruɗu ba.

"Littafin jagora nake rubutawa, Baffa," ta ce. "Irin wanda ke zuwa da sabuwar fanka, ya gaya maka yadda za ka harhaɗa ta."

"Su wa ke karantawa?"

"Ba mutane ba ne."

Na dubi ƙanena, ya dube ni. Sai ta gyara zama ta fara yi mana dalla-dalla, kamar mai magana da 'yan aji ɗaya. Ofishinsu ya ƙera wani kayan aiki na kwamfuta don masu safarar magani. In katan ya fita daga sito a rubuta, in ya isa kanti a rubuta, don kada jabu ya kutsa tsakani. Ana rubutun ne a wata rijista da suke kira bulokcen. Kwafinta yana hannun mutane da yawa a lokaci guda, kowane shafi an ɗaure shi da na bayansa kamar sarƙa, shi ya sa abin da aka rubuta ba ya goguwa. Masu yin rubutun kuwa wasu 'yan aike ne da ke zaune cikin kwamfuta, masu basirar na'ura. Ka gaya musu abin da kake so da magana, su je su yi. Amma kafin su yi sai sun karanta littafinta. In littafin ya yi kyau, ɗan aike zai gama aikin shi kaɗai. In akwai rami a ciki, nan zai tsaya.

"Wato ke kina rubuta wa na'ura, na'ura tana rubuta wa na'ura," in ji uwarta daga bakin kicin, "mu kuma an bar mu da wanke-wanke."

"Ɗan aiken nan," ƙanena ya ce, "yana da ƙafa?"

"Ba shi da ƙafa, Baba."

"To da me yake zuwa aiken?"

Auta ta yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Ta gaya mana cewa ɗaukar gwaji aka yi mata. Nan gaba kaɗan masu tantancewa daga waje za su zo su jarraba littafin. In ya ci, a tabbatar da ita a aikin. In ya faɗi, mai ofis ya riga ya gaya mata akwai masu jira a layi. Kuma kafin ranar suna neman mutum mai haƙuri, wanda ya iya buga rubutu, ya zauna yana ba ɗan aiken aiki yana kallon inda zai tsaya. Samarin ofis ba sa iya zaman, da sun zauna sai su ɗauko waya.

Uwarta ta fito da ludayi a hannu. "Ga shi nan, ki tafi da shi. Ko kyauta ne."

Na raka shi ofishin sau da yawa daga baya, don haka na san wurin. Yana saman wani kantin tayoyi, ana hawa ta wani matsattsen bene mai warin roba. Ɗaki ne dogo, tebura a jere, da na'urar sanyaya ɗaki mai ɗigar ruwa cikin wani bokitin fenti. Mai ofis saurayi ne dogo da ba ya zama, ma'aikatansa suna kiransa Yanzu-Yanzu a bayan idonsa, don ba shi da wani lokaci sai shi. An ba ƙanena lungu tsakanin taga da injin buga takarda. A allon kwamfutarsa akwai wurin rubuta aike, da maɓalli biyu: kore in ɗan aike ya gama, ja in ya maƙale.

Auta ta tsaya a kansa ta zuba masa bayani mai yawa da sauri, don Yanzu-Yanzu yana kiranta daga can ƙarshen ɗaki. Ƙanena yana ta gyaɗa kai. Abin da ya riƙe daga ciki shi ne na ƙarshe.

"Baba, don Allah kada ka yi masa aikin. Kallo kawai."

"Ni da na yi shekara da shekaru ina aiki da jama'a? Je ki abinki."

Ya dawo gida ranar farko fuskarsa a sake. Ya ce ɗan aiken ya fi 'ya'yan yanzu ladabi. Yana gaisuwa, yana faɗin abin da zai yi kafin ya yi, in ya yi kuskure ya ba da haƙuri ba tare da an roƙe shi ba. Sai da muka keɓe a bakin ƙofa ya gaya mini sauran.

Ya ba shi aike: ga katan ya bar sito, a rubuta. Ɗan aiken ya buɗe littafin Auta, ya bi mataki-mataki tiryan-tiryan, har ya zo inda littafin ya ce a rufe rubutun da mabuɗi. Mabuɗin nan, yadda na fahimta, wasu lambobi ne na sirri da ke zama kamar sa hannu. Nan ya tsaya. Ya rubuta cewa littafin ya ce ya rufe da mabuɗinsa, amma bai ga inda zai samo shi ba. Ya koma baya ya sake karantawa. Ya sake dawowa wurin. Ya sake komawa.

"Waige-waige yake yi, Yaya," ƙanena ya ce. "Wallahi kamar tsohuwa da ƙullin kaya a bakin asibiti."

Shi kuwa ya riga ya karanta littafin da safe, daga bango zuwa bango, ko da yake rabinsa bai gane ba. Ya tuna ya ga maganar mabuɗi can kusa da ƙarshe, bayan wani zane mai akwatuna. Ya dubi jan maɓalli. Jan nan, a ganinsa, tambari ne zai buga wa 'yarsa a goshi. Sai ya miƙa hannu ya rubuta: "Ɗana, duba can ƙarshen littafin, bayan zanen akwatuna." Ɗan aiken ya yi godiya, ya je ya samo, ya gama. Ƙanena ya danna kore.

"Ba ta ce kada ka taimake shi ba?" na tambaya.

"Ta ce kada in yi masa aikin. Ban yi masa ba. Nuni kawai na yi. A asibiti ma ai ban taɓa goya kowa ba."

"Ta sani?"

"Auta na da aiki a gabanta."

Na ce to. Ni ba ni da ilimin abin, kuma ƙanena ya samu abin da ke tashinsa da safe.

Bayan 'yan kwanaki ya fara dawowa da damuwa. Kullum da safe zai danna abin da ke kiran ɗan aiken, su gaisa, ya ba shi aike, ya tafi lafiya ƙalau, sai ya zo wajen mabuɗi ya tsaya cak, da kalmomi kusan irin na jiya. Akwai kuma wasu wurare biyu ko uku da yakan yi tuntuɓe, kamar wa zai fara sa hannu tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Duk ƙanena ya nuna masa, duk washegari ya manta.

"Kai gare shi kamar me, amma ba ya riƙe abu," ya ce mini. "Na rasa gane kansa. Sun ce rijistarsu ba ta mantuwa har abada. To shi da ke rubutu a cikinta me ya hana shi tuna abin jiya?"

"Ko ba shi ne na jiya ba?" na ce. Ban san me ya sa na faɗa ba, zuwa kawai ta yi mini.

"Haba Yaya. Gaisuwa ɗaya, magana ɗaya. Ni zan kasa gane wanda nake wuni da shi?"

"Ka tambayi Auta mana."

Ya yi kamar bai ji ba, ya shiga gyara maɗaurin agogonsa.

Auta kuwa, ta bakin uwarta, ta fara samun barci. Duk yamma takan leƙa ta ga kore ya jeru, ta dafa kafaɗar ubanta ta wuce. Yanzu-Yanzu ma ya fara gaishe shi da hannu biyu.

Ana gab da zuwan masu tantancewa, ƙanena ya yanke shawarar sai ya dasa karatun nan a kan ɗan aiken ko ta halin ƙaƙa. Ranar bai tashi daga kujera ba, bai rufe komai ba, ko abinci a wurin ya ci. Ya nuna masa wajen mabuɗi sau ɗaya da safe, sa'an nan ya yi ta ba shi aike bayan aike a zama guda. Ɗan aiken bai ƙara tsayawa ba. Da ya zo wurin sai ya wuce kamar an share masa hanya. Da yamma ƙanena ya rubuta masa, "Gobe baƙi za su zo, kada ka ba mu kunya." Ɗan aiken ya amsa cewa ya gane, zai kiyaye.

Ya biyo ta gidana da ledar lemo a hannu. "Ya kama, Yaya. Ashe naci yake so. Gobe ka sa rigarka mai kyau ka zo ka ga ɗalibina."

Na sa rigata mai kyau na je. Aka ba mu kujeru a baya, kusa da bokitin fenti. Mai tantancewar mace ce mai matsakaicin shekaru, da tabarau a rataye a wuya, ba ta da yawan magana. Ta ƙi kwamfutar ofis, ta ciro tata daga jaka, ta haɗa da babban allon da ke bango don kowa ya gani. Ta karɓi littafin Auta, ta kira ɗan aike, ta ba shi littafin, ta ba shi aike, ta naɗe hannu.

Gaisuwa ta fito a allo. Ƙanena ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Ga shi nan. Ka ga ladabi?"

Ɗan aiken ya fara. Mataki na fari, na biyu, ya yi ta tafiya. Auta tana tsaye a jikin bango tana murza yatsunta. Yanzu-Yanzu yana kai da komo a bayan kujeru. Ni ba na gane abin da ke gudu a allon, fuskar ƙanena nake kallo, ita ce ke gaya mini inda aka kai. Leɓunansa suna motsi tare da rubutun. Sai na ga sun tsaya.

A allo an rubuta cewa littafin ya ce a rufe da mabuɗi, amma ba a ga inda za a samo shi ba.

Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa a bokiti. Ɗan aiken ya koma baya ya sake karantawa. Ya dawo. Ƙanena ya matsa gaban kujera. Na ɗora hannuna a gwiwarsa, ya ture shi ba tare da ya san ya ture ba. Da ɗan aiken ya koma baya karo na gaba, sai kawai na ga ƙanena a tsaye.

"Haba ɗana! Jiya-jiya fa muka wuni a kan wannan! Bayan zanen akwatuna! Ka ce mini ka gane!"

Kowa ya juyo. Mai tantancewar ta ɗauki tabarau ta sa.

"Baba, kai ne ke gwada littafin kafin yau?"

"Ni ne."

"Kana nuna masa hanya?"

"Nuni kawai. Shi yake yin aikinsa."

Auta ta rufe baki da hannu. Yanzu-Yanzu ya ce wani abu da ba zan maimaita ba. Matar ta ɗaga masa hannu, ta ci gaba da magana da ƙanena a hankali.

"Baba, wannan bai taɓa ganinka ba. Yanzu na kira shi. Duk lokacin da aka kira, sabo ne ke zuwa, bai san komai ba sai abin da ke cikin littafin. Shi ya sa muke gwada littafin da su."

"To wanda na koya wa jiya fa?"

"Ya ƙare da aka rufe aikin jiya."

"Ya mutu?"

"A'a, ba mutuwa ba ce."

"Ya tafi wani wuri?"

"Ba ya ko'ina, Baba."

Ƙanena ya dubi allon, ya dube ni. Ya ce, kamar da kansa yake magana, "Na shekaranjiya ma daban? Duk waɗanda na gaisa da su?" Ɗan aiken da ke allo ya ba da haƙuri, ya ce ba zai iya ci gaba ba.

Matar ta rubuta sakamakonta. Ta yi bayani cewa su ma a irin rijistar nan suke ajiye maki, don kada wani ofis ya ɓoye faɗuwarsa. Ba za a goge ba. Abin da za a iya yi shi ne a gyara littafin a sake kiranta, a rubuta sabon maki a ƙarƙashin tsohon. Ta naɗe wayoyinta ta sauka.

Yanzu-Yanzu ya kira Auta gefe, amma muryarsa ba ta san gefe ba. Ya ce dama ɗaya ta rage mata, kuma tsohon nan kada ya ƙara hawo masa bene. Auta ta ce in dai ita ce za ta gyara littafin, ita za ta zaɓi mai gwada mata. Ban taɓa jin ta yi wa wani magana da wannan muryar ba. Ya ce ta yi abin da ta ga dama, wuyanta ne.

A kan bene ta tarar da mu. Ƙanena yana riƙe da ƙarfen bene yana kallon tayoyin da aka jera a ƙasa.

"Baba, sau nawa?"

"Kullum."

"Na gaya maka fa ranar farko. Na ce duk safiya sabo ne."

"Kin faɗi abubuwa da yawa ranar."

"Me ya hana ka ce in maimaita?"

Ya ci gaba da kallon tayoyin. Ta zauna a kan matakala da kayanta masu kyau, ta yi wani abu da ban san ko dariya ba ne ko kuka, ina jin ita ma ba ta sani ba.

A gida uwarta ta saurari labarin har ƙarshe, ta ce, "Wato duk kwanakin nan baƙi kake tarba ɗaya bayan ɗaya, kana kiran su ɗanka. Allah ya sa dai ba ka yi musu alkawarin aure ba." Babu wanda ya yi dariya sai ita. Daga baya na ga ta zuba masa shayi ta ƙara masa sukari fiye da yadda likita ya yarda.

Washegari Auta ta zaunar da shi ta ce ya faɗa mata duk inda ya taɓa sa baki. Ya faɗa, yana kallon ƙasa. Ta ce ita maganar mabuɗi ta kai ta ƙarshe ne don a ganinta kowa ya san da ita, ta saba da abin har ta daina ganinsa. Ta ɗauko ta ta dawo da ita daidai inda ake buƙata. Sauran wuraren ma ta bi su. Sa'an nan ta mayar da shi lungunsa da sabuwar doka. Ita za ta rubuta aiken da safe, ta zare allon buga rubutu ta tafi da shi teburinta. Shi sai maɓalli biyu.

Kwanakin nan sun yi masa wuya. Na leƙa wata rana na same shi ya zauna a kan tafukan hannunsa, gumi a goshinsa duk da sanyin ɗakin. Ɗan aike ya maƙale a wani sabon wuri, yana kai da komo. Ƙanena ya san amsar, na ga ya sani. Ya daɗe yana kallo. Can ya zaro hannu ɗaya ya danna ja, ya kau da kai wajen taga.

Auta ta taso da sauri ta duba, ta ce, "Yawwa! Na gode, Baba. Wannan da ya kashe ni." Ta koma teburinta tana murna.

Da muka fito ya ce mini, "Yaya, ka fahimtar da ni. Na taimake ta, ta zauna a matakala tana kuka. Na kayar da ita, tana godiya. Shi kuma wancan bawan Allah na bar shi a tsaye ina kallo."

"Ai sun ce ba ya jin komai."

"Sun ce. Amma haƙuri yake ba ni."

Muka ci gaba da tafiya.

Ja ya yi ta raguwa. Da matar mai tabarau ta dawo, ƙanena bai ce in sa riga mai kyau ba, amma na sa na bi shi. Muka zauna a kujerunmu na baya. Da gaisuwa ta fito a allo bai taɓa ni ba. Na dai ji ya amsa ta ƙasa-ƙasa.

Ɗan aiken ya kama hanya. Na koma kallon fuskar ƙanena. Da aka kusa wajen mabuɗi na ga ya riƙe numfashi, hannayensa a ƙarƙashin cinya. Rubutu ya ci gaba da gudu. Ya gudu, ya gudu, sai ga Auta ta saki yatsunta, Yanzu-Yanzu ya tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Matar ta cire tabarau ta ce littafin ya tsaya da ƙafarsa. Ta rubuta sabon maki. Auta ta nuna mana a allo: ga shi nan, kuma ga tsohon a samansa, yana nan yadda yake. Yanzu-Yanzu ya ce ta zo ofishinsa yanzu-yanzu ta sa hannu a takardar tabbatarwa, samarin ofis suka ƙyalƙyale da dariya, shi bai san dalili ba.

Auta ta zo ta durƙusa a gaban ubanta ta riƙe hannunsa. Ya sa mata albarka, muryarsa daidai. Sai da muka sauka bene, muka wuce kantin tayoyi, ya yi magana.

"Ko tsayawa bai yi ba, Yaya. Ya wuce wurin kamar babu komai a nan."

"Ai abin da ake so ke nan."

"Shi ne."

Muka miƙe har mararraba. A nan muka ga wani mutum da jaka a kafaɗa da 'yar takarda a hannu, yana duban allon sunayen tituna, yana duban takardar, yana waige-waige. Na ji ƙanena ya rage tafiya. Hannunsa ya ɗaga, sai ya mayar da shi ya cusa a aljihu. Muka tsaya muna kallo. Mutumin ya tambayi wani mai gyaran takalmi inda tashar mota take, mai gyaran ya nuna da haɓa ba tare da ya ɗago ba. Mutumin ya yi godiya, ya kama titin da ke gangarawa wajen makabarta.

Ƙanena ya bar shi ya yi 'yan taku. Ina jin numfashinsa.

"Malam!" ya ƙwala. "Mai jaka! Ba nan ba!"

Ya tsallaka titi da saurin da ban san yana da sauransa ba. Daga inda nake ina hango hannunsa yana karya dama, yana karya hagu, yana zana wani abu a iska mai kama da gini. Mutumin yana gyaɗa kai. Suka yi musabaha, ya juya ya kama hanyar da ta dace.

Ƙanena ya dawo yana haki, yana gyara hula. Bai dube ni ba.

"Wannan ai zai tuna," ya ce.